Daga Dodon Hoto zuwa Kwamfuta: Ina Kyawun Hoton Yake Tafiya?

Sanin kowa ne cewa a gidaje da dama na Gaya da Ajingi akwai tsofaffin hotuna na hawan salla, da na biki, da na kammala makaranta, waɗanda aka ɗauka da fim a shekarun 1980 da 1990. Yau matasa kan kai su a yi musu sikanin don a adana a waya ko kwamfuta. Sai dai sau da yawa hoton yakan fito dishi-dishi, fuskar kaka ta zama kamar an shafa mata toka. Ko mene ne dalili?

Da farko, ya kamata ɗalibi ya san yadda fim yake. Leda ce da aka shafa wa jelatin, wato wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, irin wanda ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya huce. A cikin wannan danƙo akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Su ne ke kama sura. Bayan an wanke fim sai a sami dodon hoto, wanda a fim ɗin da aka fi sani faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36.

Ita kuwa na'urar sikana, rarraba hoto take yi zuwa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ta ba shi lamba. Kamar mutum ne ya zana sura da ƙwayar gero, ko kuma da tsakuwa: ta gero za ta fi fitowa. Hoton farko da Russell Kirsch ya yi wa sikanin a Amurka a 1957 ɗigo 176 sau 176 ne kacal.

Hasara ta farko tana aukuwa ne idan aka yi sikanin hoton takarda aka bar dodon. Takarda kwafi ce, ba ta ɗaukar duk abin da ke cikin dodo. Hoto mai inci 4 da 6, a kan ɗigo 300 kowane inci, yana ba da ɗigo kimanin miliyan 2. Dodonsa kuwa, a kan ɗigo 2,400, yana ba da fiye da miliyan 7.

Ta biyu ita ce matsewa. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana zubar da wani sashe na bayanin hoto don ya rage nauyi. Duk lokacin da aka gyara hoton aka sake adanawa, sai a ƙara zubarwa. Haka ma idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa.

Ta uku daga yanayinmu take. Danshin damina yana kawo fumfuna, wadda jelatin abinci ne gare ta. Ƙurar hunturu tana karce fim, zafin bazara kuma yana koɗar da launi, har hoto ya koma jaja-jaja. Sikana ba ta san bambancin fuska da tabo ba. Duka za ta kwashe.

Saboda haka, a riƙa kama dodo ta gefe, a kore ƙura da iska ko tattausan buroshi, a yi sikanin da ɗigo mai yawa, a adana na asali a tsarin TIFF wanda ba ya zubar da kome, sannan a yi kwafi don rarrabawa. Dodon kuma a ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi, nesa da gara.

A ƙarshe, malamai za su iya sa ɗalibai su yi sikanin hoto ɗaya da ɗigo 100, da 300, da 600, su kwatanta. Gaya, wadda ake dangantawa da Abagayawan da suka zauna a Dala, gari ne mai tarihi, kuma wani sashe na tarihin nan yana cikin akwatunan iyaye. Wanda ya yar da dodo don ya yi sikanin, ya saki reshe ne ya kama ganye.