Koyar da Jumlolin Daidaito Masu Alamar Tushe: Matsalar Furuci da Matsalar Baƙuwar Amsa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin batutuwan lissafi da ɗalibi ke tararwa a babbar sakandare akwai warware jumlar daidaito wadda lambar da ake nema a cikinta take zaune a ƙarƙashin alamar tushe (√). Da jumlar daidaito ana nufin maganar lissafi mai ɓangare biyu da alamar daidai (=) a tsakani. Murabba'in lamba shi ne abin da ake samu idan aka ninka ta da kanta, kamar yadda 5 sau 5 ke ba da 25. Tushe kuwa komawa baya ne: tushen 25 shi ne 5.

Da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da ta NECO, amma duk wanda ya taɓa zama a bayan aji a makarantun da Hausa ta yi rinjaye ya san cewa idan abu ya cushe, da Hausa malami yake warware shi. Saboda haka irin Hausar da ake yin bayanin da ita abin kula ce ga mai tsara manhaja. Wannan makala za ta duba wurare biyu da ɗalibi ke yin tuntuɓe, wato wajen mayar da magana zuwa alamomi, da kuma wajen tantance ko lambar da ya samu amsa ce ta gaskiya.

2.0 Kalma da Alama

Magana ta girmi alama a wannan fanni. Muhammad bn Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi lissafinsa, kuma kalmar da ya yi amfani da ita, jazr, ma'anarta saiwa ko tushe. Tushen da ba ya fita cif, kamar na 2 ko na 3, masana lissafi na Larabawa sun kira shi asamm, wato kurma. Masu fassara zuwa Latin suka mayar da kalmar surdus, daga nan Ingilishi ya sami surd. Ashe ke nan malamin da ya ce wa ɗalibansa √2 "kurman tushe" ne bai ƙago komai ba, kalmar ya mayar gidanta. Alamar √ ba ta bayyana a bugu ba sai a 1525, cikin littafin aljabara da Christoph Rudolff ya rubuta da Jamusanci, sannan a 1637 René Descartes ya haɗa ta da layin nan da ke miƙewa a sama.

Wannan layi shi ne abin lura. Kamar rufin rumfa yake, yana nuna abin da ke ƙarƙashin inuwar tushe da abin da ke waje. Ido na ganinsa a kan allo, amma kunne ba ya jin sa. Idan malami ya ce "tushen x da tara", ɗalibi ɗaya zai rubuta √x + 9, wani ya rubuta √(x + 9), kuma babu wanda za a ce bai ji Hausa ba a cikinsu. In aka ɗauki x a matsayin 16, na farko zai sami 13, na biyu ya sami 5. Harafin "da" ne ya jawo ruɗanin, domin ba ya nuna inda ikon kalmar "tushe" ya tsaya.

Maganin yana cikin harshen kansa. Hausa na da ƙarfi wajen jera ayyuka bi da bi ta amfani da "sai" da "sannan". Na farko sai a karanta shi: "Ɗauki tushen x, sannan ka ƙara tara." Na biyu kuwa: "Ƙara tara a kan x, sannan ka ɗauki tushen jimlar." Furucin ya ɗan yi tsawo, amma a ganina tsawon da ya kawar da shubuha ya fi gajartar da ta haifar da ita. Ɗalibin da ya saba da wannan jeri ba zai yi saurin faɗawa kuskuren nan na raba tushe a kan tarawa ba, inda ake ɗaukar √(16 + 9) tamkar 4 + 3, a sami 7 a maimakon 5.

3.0 Baƙuwar Amsa

Hanyar warwarewa sananniya ce: a ware tushen shi kaɗai a ɓangare ɗaya, a ninka kowane ɓangare da kansa don alamar ta gushe, a warware abin da ya rage. Alal misali:

√(x + 7) = x − 5
x + 7 = x² − 10x + 25
x² − 11x + 18 = 0
(x − 2)(x − 9) = 0

Lambobi biyu suka fito, 2 da 9. Idan aka mayar da 9 cikin jumlar farko, hagu zai ba da √16, wato 4, dama kuma ya ba da 4. Ta zauna daram. Idan aka mayar da 2, hagu zai ba da 3, dama ya ba da −3. Ba ta zauna ba, alhali kuwa babu kuskure ko ɗaya a layukan da ke sama. Irin wannan lamba ce makalar nan ke kira baƙuwar amsa.

Ta ina ta shigo? Ɗalibi ya taso da ƙa'idar cewa duk abin da aka yi wa hagu aka yi wa dama, daidaito bai taɓu ba. Ƙa'idar gaskiya ce, sai dai tarawa da ɗebewa ana iya komawa da baya a cikinsu a dawo inda aka taso, murabba'i kuwa yana shafe sawu. Lambobin 3 da −3 daban suke, amma murabba'insu ɗaya ne, 9. Wanda ya ga 9 kawai ba zai san daga wacce aka taso ba. Bugu da ƙari, masana lissafi sun daidaita a kan cewa alamar √ tana nufin tushen da bai gaza sifili ba kaɗai, don haka √9 shi ne 3, ban da −3. Hasali ma, 2 amsa ce ta wata jumla daban, √(x + 7) = 5 − x, wadda murabba'inta ya yi daidai da na tamu. Da aka ninka ɓangarorin, sai jumlolin biyu suka shige riga ɗaya, amsoshinsu suka fito tare.

Ya kamata malami ya kai ɗalibansa ga √(x + 1) = −3 tun da wuri. Hanyar da aka saba za ta ba da 8, gwaji ya kore ta, a tashi babu amsa sam. Ɗalibin da ya fahimci ma'anar alamar zai gane haka kafin ya ɗora alƙalami.

Inda tushe biyu suka haɗu, kamar √(x + 5) − √x = 1, kuskuren da ya fi yawa shi ne ninka kowane tushe da kansa daban-daban, abin da ke kai mutum ga cewa 5 daidai take da 1. Abin yi shi ne a tura √x zuwa dama, a ninka, a sami x + 5 = 1 + 2√x + x. Daga nan √x ya zama 2, x ta zama 4, gwaji kuma ya tabbatar: 3 − 2 = 1.

4.0 Lissafin Zube

A lissafin da ke zuwa cikin labari, rariya biyu ce amsa za ta bi, kuma sau da yawa akan rikita su. Akwai tsohon misali a littafin Lilavati na Bhaskara na Biyu, masanin Indiya, wanda ya rubuta a 1150. Taron ƙudan zuma ne: tushen rabin taron ya tafi wani daji mai furanni, kashi takwas cikin tara na dukkan taron ma ya tafi, biyu suka rage. Nawa ne taron? Jumlar ita ce √(x/2) + 8x/9 + 2 = x. Bayan ware tushe da ninkawa ana samun 2x² − 153x + 648 = 0, wadda ke ba da 72 da 4½. Gwajin 72 ya fita sarai: 6 + 64 + 2.

Ɗalibi zai yi watsi da 4½ yana dariya, don babu rabin ƙudan zuma. Ya dace, amma ba don dalilin da ya kamata ya fara gani ba. Ko da labarin na mudun gero ne, wanda ake iya rabawa, 4½ ba za ta zauna ba, domin 1½ + 4 + 2 ya ba da 7½. Baƙuwa ce tun a matakin jumla.

A gwada wannan da wani misali. Fili ne mai kusurwa huɗu miƙaƙƙu, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 7, igiyar da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta mita 13 ce. Bisa ƙa'idar Faisagora, √(x² + (x + 7)²) = 13, wadda ke sauka zuwa x² + 7x − 60 = 0, a sami 5 da −12. A nan −12 ta ci gwajin jumla, tunda √(144 + 25) shi ne 13. Labarin ne ya kore ta, don faɗin fili ba ya gaza sifili. Fili mita 5 ne a faɗi, 12 a tsawo. Ɗalibin da aka koya wa gwaji iri ɗaya kawai zai karɓi −12 a nan, ko kuwa ya karɓi baƙuwar amsa a duk inda ta zo da siffar lamba mai kyan gani, kamar 2 ta misalinmu na farko.

Wannan yana da tasiri ga tsarin manhaja. Batun ya dogara ga sanin lambobin ƙasa da sifili da kuma warware jumla mai x², don haka bai kamata ya riga su zuwa a jadawali ba. Littattafan aji su riƙa rubuta gwaji a matsayin matakin ƙarshe na aikin, da layukansa a bayyane, a kuma ware masa maki a jarrabawar aji, domin abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya yin sa. Marubutan tambayoyi da Hausa kuwa, kafin su miƙa tambaya ga maɗaba'a, yana da kyau su karanta ta da baki ga malamai biyu, kowanne ya rubuta jumlarta shi kaɗai. Idan rubutun ya bambanta, tambayar ce za a sake wa fasali.