Kwana Ba Ta Jefa Kowa Waje

Duk wanda ya taɓa zama gefen ƙofa a mota, direba ya sha kwana da gudu, ya san abin da jiki ke ji. Kafaɗa ta manne da ƙofa, na kusa da kai ya danno ka, kai ka ce wani hannu ne ke tunkuɗa kowa waje. Daga nan maganar ta samo asali, ta zauna a bakin direbobi da fasinjoji, har da wasu masu koyar da kimiyya a sakandare: wai duk abin da ke zagayawa akwai wani ƙarfi da ke fizgarsa daga tsakiya zuwa waje. In tirela ta kife a shataletale, sai ka ji an ce kwana ce ta watsar da ita. Ban ga laifin mai faɗin haka ba, abin da jikinsa ya shaida masa ke nan. Sai dai maganar a juye take. Ƙarfin da ke aiki a kwana, ciki yake ja.

Dokar farko cikin dokokin motsi uku da Isaac Newton ya jera a littafinsa na 1687 ita ce: abin da ke tafiya zai ci gaba a miƙe, da gudun da yake yi, sai in wani ƙarfi ya karkatar da shi. Tun kafin shi da ƙarnoni Ibn Sina ya kusanci rabin wannan magana, inda ya ce abin da aka jefa ba zai tsaya don kansa ba in babu abin da ya tare shi. Ke nan miƙewa ba ta buƙatar komai, lanƙwasa ce ke buƙatar mai ja. Idan mota ta karya hagu, jikin fasinja yana nan kan hanyarsa ta farko, zarcewa gaba yake yi. Motar ce ta shigo masa hanya. Ƙofar dama ta zo ta tare shi, ta tura shi hagu don ya bi motar. Matsin da yake ji a kafaɗa na ƙofar ne, kuma cikin kwanar take tura shi.

Wanda bai gamsu ba ya je gonar shinkafa lokacin da ta fara nuna, ya tsaya ya kalli yaron da ke korar tsuntsaye da majajjawa. Yana juya ta bisa kansa, igiya ta miƙe tsam, dutse yana zagaye. A lura da lokacin da yake saki. Da a ce waje ake fizgar dutsen, da sai ya jira dutsen ya zo daidai gabansa, ya saita garken tsuntsayen, sannan ya saki. Ba haka yake yi ba. Yana saki ne dutsen na gefensa, a daidai lokacin da tafiyarsa ta fuskanci inda ake nufi. In ya yi kuskure ya saki dutsen na gabansa, gefe zai nufa, ya je ya sami mai tsautsayi a gonar maƙwabta. Dutsen da aka saki yana bin inda ya dosa ne a ƙiftawar ƙarshe, ya goge gefen da'irar ya wuce. Hannun yaron ya san wannan tun bai shiga aji ba, kuma da majajjawar ce René Descartes ya kafa misali a 1644 da yake bayanin wannan lamari.

Mai musu zai ce, to ai hannuna yana jin dutsen yana ja. Gaskiyarsa. Hannu na jan dutse ta igiya, dutse kuma na jan hannu daidai gwargwado, dokar Newton ta uku ke nan. Amma wannan jan a kan hannu yake, ba a kan dutse ba, kuma da an saki igiya ya ɓace. Akwai tambaya ɗaya da nake ganin tana raba gardama: kowane ƙarfi na gaske yana da mai yinsa. Igiya ce ke jan dutse, kwalta ce ke riƙe taya, ƙasa ce ke jawo abin da ya faɗo. To wannan da ake cewa yana tura fasinja waje, wa ke yinsa? A laluba motar kaf, ba za a same shi ba.

Dole a yi wa masu wancan ra'ayi adalci. Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan da ya fara gano lissafin abin a 1659 ya kuma buga sakamakon a 1673, shi ma a matsayin yunƙurin fita waje ya kalle shi. Newton ne daga baya ya juya fuskar maganar zuwa tsakiya. Har gobe injiniyoyi kan ɗauka kamar suna zaune cikin abin da ke juyawa, su ƙara wani ƙarfi na waje a takarda don lissafi ya yi sauƙi, kuma amsarsu na fita daidai. Dabarar lissafi ce, su ma sun san haka.

Lissafin da Huygens ya gano shi ne abin da ya kamata kowane direba ya haddace. Jan da ake buƙata yana ƙaruwa da nauyin abu, yana ƙaruwa in kwanar ta matse, amma gudu ne uban tafiya, domin sau biyu yake shiga lissafi. A ninka gudu, buƙata ta ninku huɗu. Ɗauki kwanar da ke da mita 50 daga tsakiyarta zuwa layin da mota ke bi. A gudun kilomita 36 a awa, tayoyi na buƙatar riƙon da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin motar. A kilomita 72, sai kusan huɗu cikin biyar, wanda ya kai maƙurar abin da taya mai kyau ke iya bayarwa a busasshiyar kwalta. A zuba ruwan sama, ko yashin da iska ta kwaso, ko a ce zanen tayar ya cinye, riƙon ya ragu sosai. Daga nan babu abin da ya jefa motar. Riƙo ne ya gaza, ta zarce inda ta dosa, kuma sawun tayar da ta bari a kwalta yakan nuna haka.

Kifewar manyan motoci ma daga nan take. Kwalta tana jan motar ne ta ƙasa, a tayoyi, kayan kuwa suna can sama suna zarcewa. Gwargwadon tsayin lodi, gwargwadon sauƙin tuntsurewa, kuma tankar da ba a cika ba ta fi hatsari, don man da ke ciki yana kwararowa gefe guda. Shi ya sa masu gina hanya ke ɗaga gefen waje na kwana, a layin dogo ma a ɗaga ƙarfen waje, shi ya sa kuma ɗan acaɓa ke kwantar da babur ciki.

Inda wannan fahimta ta fi ɓatar da ɗalibai shi ne sararin samaniya. Akan ce tashar binciken ƙasa da ƙasa, mai shawagi a nisan kusan kilomita 400 daga doron ƙasa, ba ta faɗowa ne saboda jan duniya da ƙarfin waje sun yi kunnen doki. Da sun yi kunnen doki, da babu sauran abin da zai lanƙwasa tafiyarta, da tuni ta miƙe ta bar mu. A can sama jan duniya bai ragu da fiye da kusan kashi goma cikin ɗari ba, kuma shi kaɗai ne ke aiki a kanta. Faɗowa take yi babu tsayawa, tare da mutanen da ke cikinta, dalilin da ya sa ake ganinsu suna lilo ke nan. Amma tana gudun gefe na kusan kilomita 28,000 a awa, don haka iya yadda ta faɗo, iya yadda doron duniya ya lanƙwashe ya kauce mata, ta kewayo cikin kusan minti 90.