Sinadarin abincin kaji da ke buɗe karan dawa: me ya haɗa shi da wayarka?

Akwai itace a cikin wayar da ke hannunka, ko da yake ba za ka gan shi ba. Idan sikirinta na LCD ne, daga cikin shimfiɗun da ke tace haske akwai wata siririyar leda da aka saba yi da selulos, wato zaren da ke jikin itace da auduga. Kamfanin Fujifilm na Japan ya daɗe yana cikin manyan masu yin ta. A cikin batir ma, garin baƙin garafait da ke riƙe caji ana yawan manna shi ne da wani danƙo mai suna CMC, shi ma daga selulos ake samunsa.

Selulos ba ya wahalar samu, domin duk inda ka ga kara ko ciyawa ko icce yana nan. Fito da shi ne aiki. Busasshen karan dawa, alal misali, abu uku ne a cuɗe: selulos, wanda ya kan kai kusan kashi 40 cikin 100, sai ɗan'uwansa hemiselulos, sai kuma lignin. Biyun farko sukari ne da aka sarƙa kamar tasbaha. Lignin shi ne simintin da ya daskare a kansu. Shi ya sa kara yake tsayuwa ƙyam a gona, shi ya sa kuma ba ya saurin ruɓewa.

Masana'antun takarda sun fi shekara ɗari suna fasa wannan siminti da ƙarfin tsiya. Ana dafa guntayen itace a cikin soda mai ƙuna da wani sinadarin farar wuta a zafin da ya kai digiri 170 a ma'aunin Salshiyas. Hanyar tana aiki, amma tana cin wuta, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yawancin lignin ɗin ƙona shi ake yi a cikin masana'antar.

A nan ne labarin gishiri mai ruwa ya shigo. Gishirin da muke sa wa miya sai an kai shi digiri 801 kafin ya narke, amma akwai wasu nau'o'in gishiri da suke a narke ko a cikin ɗaki. Tun 1914 masanin sinadarai Paul Walden ya haɗa wani da ke narkewa a digiri 12. A 2002 ne Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna cewa wani irin wannan gishiri yana narkar da selulos kai tsaye. Masu bincike suka yi ca a kai, domin ruwan ba ya tashi ya zama tururi kamar fetur ko tina, balle ma'aikata su shaƙa. Sai dai nau'o'in farko suna da tsada sosai, kuma suna hana yis da sinadaran da ke tsinka selulos yin aikinsu. Dole a wanke karan fes da ruwa mai yawa kafin a ci gaba, wanda hakan wata ɗawainiya ce ta daban.

A 2005, Hiroyuki Ohno da ɗalibansa a wata jami'ar aikin gona da fasaha da ke Tokyo suka haɗa gishiri mai ruwa da amino asid guda 20, wato tubalan da jiki ke gina furotin da su. Kowane gishiri ɓangare biyu ne, kuma nasu ɓangare ɗaya ne kawai ya fito daga abin halitta. Daga baya wasu suka maye ɗaya ɓangaren da kolin, wani sinadari da ke cikin ƙwai da hanta. Da aka haɗa kolin da amino asid mai suna laisin, sai aka samu ruwan da a yau ake yawan ambata a wannan fage. A 2012 masu bincike a birnin Guangzhou na China suka nuna yana cire lignin daga karan shinkafa ya bar yawancin selulos ɗin.

Duk wanda ya taɓa haɗa abincin kaji da kansa ya san sunan laisin. Ana zuba shi kaɗan a cikin masara da waken suya, haka ma kolin. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da laisin daga sukari a manyan tankuna, kuma abin da ake yi a duniya duk shekara ya haura tan miliyan 2. Ke nan ba wani baƙon sinadari ba ne da sai an gina masa sabuwar masana'anta.

Yadda yake aiki ba shi da nisa da abin da ake yi a madafa. Uwar gida tana jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin laushi. Laisin ma ɓangaren kanwa yake, ba ɓangaren tsami ba, don haka ruwan yana tsinka mahaɗan da suka ɗaure lignin da sauran sassan kara, ya janye shi gefe. Da zarar simintin ya sassauta, sinadaran tsinka selulos sai su samu hanyar shiga su mayar da shi sukari.

Cibiyar binciken makamashi ta JBEI da ke Emeryville a jihar Kalifoniya ta ɗauki abin da muhimmanci. Sun gano cewa ba sai an yi amfani da ruwan zalla ba: kashi 10 cikin 100 ya isa, sauran ruwa ne na yau da kullum, a dafa a kusan digiri 140. Babban abin da ya ja hankali shi ne yis yana iya rayuwa a cikinsa idan aka daidaita kaifinsa da ɗan asid. Saboda haka dafa kara, mayar da shi sukari, da barin yis ya mayar da sukarin itanol, duk ana iya yinsu a tanki ɗaya ba tare da wanki a tsakani ba. Sun gwada da karan masara, sun kuma yi aiki sosai da dawa.

Lignin ɗin da ya rage shi ne ya fi kusa da aljihun mai waya. Idan aka gasa shi ba iska, yana zama wani tauraron gawayi da ke iya riƙe caji a batir. Kamfanin Stora Enso na Finland da Sweden yana yin irin wannan da sunan Lignode, kodayake nasa lignin daga masana'antar takarda yake fitowa. Wanda aka cire da kolin da laisin ba ya ɗauke da farar wutar da waccan hanya ke bari a jikinsa.

Kada dai kalmar “mai kare muhalli” ta ruɗe ka. Kolin yana cikin ƙwai, amma wanda ake sayarwa buhu-buhu daga sinadaran man fetur da iskar gas ake haɗa shi. Ruwan kuma ya fi soda tsada nesa ba kusa ba, don haka sai an iya tace shi a sake amfani da shi sau da yawa kafin lissafi ya fita. Wannan kasuwa ta riga ta kayar da manya. DuPont ya buɗe katafariyar masana'antar itanol daga karan masara a jihar Iowa a 2015, ya rufe ta a 2017. Clariant ya rufe tasa da ke Podari a Romaniya a 2023. Ba da ruwan amino asid suka yi aiki ba, amma tsadar tattara kara da ta fasa shi tana jiran duk wanda ya shigo.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, don haka da ka ji Amurkawa suna gwaji da ita za ka ce kakarmu ta yanke saƙa. A ganina da sauran magana. A ƙasar Hausa karan dawa ba shara ba ne: da shi ake darni, da shi ake hura wuta, shi shanu ke ci da rani, ana ma sayar da shi dami-dami. Duk masana'antar da ta zo nemansa da makiyayi da mai girki za ta yi ciniki. Abin da ya fi kama da wanda ba shi da mai so shi ne ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa a Kura da Argungu, wanda sau da yawa wuta ake cinna masa. Shi kuma yana da nasa taurin kai, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ce, sinadarin da ke cikin yashi.