Harafin Suna da Halin Mai Suna

Gabatarwa

Tun zamani mai tsawo mutane a sassa daban-daban na duniya suke da ra'ayin cewa akwai wata ɓoyayyiyar dangantaka tsakanin sunan mutum da halinsa. Waɗansu sun tsaya ga ma'anar sunan, waɗansu kuwa sun zarce har ga haruffan da ake rubuta shi da su, suna cewa kowane harafi yana da tasa ɗabi'a, wadda take bin mai sunan tun daga ranar suna har ranar da za a kai shi makwancinsa. A yau ana yawan cin karo da wannan ra'ayi a mujallu da shafukan intanet, inda akan jera haruffan boko, a ce, alal misali, wanda sunansa ya fara da A shugaba ne mai kafiya. A ƙasar Hausa kuwa ra'ayin ya daɗe da samun gindin zama a cikin ilmin hisabi. Al'amarin ya cancanci nazari, domin akan fasa aure saboda an ce sunayen saurayi da budurwa ba su dace da juna ba, akan kuma laƙaba wa yaro wani hali tun bai yi wayo ba. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana inda ra'ayin ya samo asali, da yadda ake aiki da shi, sa'an nan a ɗora shi bisa ma'auni.

Asalin Lissafin Haruffa

Kafin alƙaluman ƙidaya na Indiya su bazu a duniya, Yunanawa da Yahudawa da Larabawa duk da haruffansu suke rubuta adadi. A wajen Larabawa tsarin shi ne wanda ake kira abjad, inda alif yake ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har a kai ga dubu a harafi na ashirin da takwas. Saboda haka kowace kalma tana da adadinta. Sunan Muhammadu, alal misali, yana da mim 40, da ha 8, da mim 40, da dal 4, watau 92 ke nan. Da farko wannan dabara ce kawai ta ƙidaya da ajiye tarihi, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suke rufe waƙa da ramzi don nuna shekarar da aka yi ta.

Daga baya ne aka haɗa wannan lissafi da ra'ayin likitocin Yunanawa, musamman Jalinusu, wanda ya koyar da cewa halin mutum yana bin rinjayen ɗaya daga ruwaye huɗu na jiki: jini, da majina, da ruwan ɗaci rawaya, da ruwan ɗaci baƙi. An danganta waɗannan da iska da ruwa da wuta da ƙasa. Masu ilmin haruffa sai suka raba haruffa ashirin da takwas gida huɗu, kowane gida ya sami bakwai. Wanda haruffan wuta suka rinjaya a sunansa aka ce mai zafin zuciya ne da son girma, na iska mai fara'a da saurin sauya ra'ayi, na ruwa mai sanyin hali, na ƙasa kuwa mai nauyin jiki da riƙo.

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Shamsul Ma'arif, wanda ake jingina wa Ahmad al-Buni, malamin Arewacin Afirka na ƙarni na 13. Ƙasar Hausa ma ta ba da nata gwani, watau Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimi da sirrin haruffa, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Shi kuwa lissafin haruffan boko, wanda yake ba A ɗaya, B biyu, har I tara, sa'an nan a koma ɗaya a kan J, a farkon ƙarni na 20 ya yi kasuwa a Amurka, ko da yake masu yin sa suna jingina shi ga Fisagorasu na Yunan.

Yadda Ake Yin Hisabi

Hanyar da aka fi sani ita ce malami ya tara adadin sunan mutum da na mahaifiyarsa, sa'an nan ya yi ta zubar da goma sha biyu har sai abin da ya rage bai wuce goma sha biyu ba. Wannan ragowa ita take nuna burujin mutum, daga burujin kuma a fitar da ɗabi'arsa. Idan maganar aure ce, akan yi wa namiji da mace lissafi, a duba ko gidajensu suna jituwa, domin an ɗauka wuta tana zama da iska amma ba ta zama da ruwa.

Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya kawo wani lissafi mai kama da wannan, wanda ake cewa yana bayyana wanda zai yi nasara tsakanin sarakuna biyu masu yaƙi ta hanyar zubar da tara-tara daga adadin sunayensu. Bayan ya bayyana shi dalla-dalla, sai ya nuna cewa ba shi da wata hujja, ya kuma yi shakkar jingina shi da ake yi ga Arisɗo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ma, a cikin Nurul Albabi, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari.

Gwaji Uku

Idan da gaske harafi ne yake ɗauke da hali, wajibi ne sakamakon lissafi ya zama ɗaya ko wane ne ya yi shi. A nan ne matsala ta farko take. Abjad iri biyu ne, da na Gabas da na Magariba, wanda ƙasar Hausa ta gada, kuma sun saɓa a haruffa shida. Sodi 90 ne a Gabas, 60 a Magariba; sin 60 ne a Gabas, 300 a Magariba; shin 300 ne a Gabas, 1000 a Magariba. A ɗauki mutum mai suna Salihu wanda sunan mahaifiyarsa Maryamu. Maryamu 290 ce a tsarin duka biyu. Salihu kuwa 129 ne a Gabas, 99 a Magariba. Malamin Bagadaza zai sami 419, ragowa 11, watau burujin Guga, na iska. Malamin Katsina zai sami 389, ragowa 5, watau burujin Zaki, na wuta. Mutum ɗaya ya tashi da hali biyu ke nan, alhali bai motsa daga inda yake zaune ba.

Matsala ta biyu ita ce rabon gidajen kansa. A bayanin Ibn Haldun, alif na wuta ne, ba na iska, jim na ruwa, dal na ƙasa. A wani tsarin da ya bazu ƙwarai, ba na ƙasa ne, jim na iska, dal na ruwa. Harafin da wani ya ce yana sa saurin sauya ra'ayi, shi ne wani ya ce yana sa riƙo.

Matsala ta uku ta fi fitowa fili ga Bahaushe, domin yana rubutu da ajami da boko. Sunayen Usmanu da Umaru da Aliyu da Isa da A'ishatu duk da harafin ain suke farawa a Larabci, amma a boko sun rabu tsakanin U da A da I. Haka kuma Ahmadu da Ibrahimu da Usamatu duk alif ne farkonsu. Bugu da ƙari, ƙa'idojin rubutun boko da Hanns Vischer ya buga a 1912 sun bi tafarkin Ingilishi, alhali a Nijar ana rubuta sunaye a takardun hukuma bisa tafarkin Faransanci. Usman na Katsina da U yake farawa, Ousmane na Maraɗi da O. Shu'aibu na Daura da S, Chaibou na Damagaram da C. Har ila yau Abubakar ɗaya shi ne Habu, shi ne Garba, shi ne Buba, shi ne Bukar a Barno. Babu mai hankalin da zai yarda cewa iyakar da Turawa suka shata, ko alƙalamin magatakarda, su ne suke raba wa 'yan'uwa halaye.

Dalilin da Ya Sa Ake Gaskatawa

Duk da wannan, mutane da yawa suna rantsuwa cewa abin da aka faɗa game da harafinsu ya yi daidai da su. Masana halayyar ɗan Adam sun gano dalilai biyu. A 1948 Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa 39 a Amurka wani gwaji, ya ba kowannensu takarda da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewar bayanin da su daga sifiri zuwa biyar, matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Alhali takarda iri ɗaya ce ya raba musu duka, kuma yawancin jimlolinta daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Magana mai faɗi, musamman idan da yabo a cikinta, riga ce da take shiga kowa.

Dalili na biyu Jozef Nuttin na ƙasar Beljiyam ne ya bayyana shi a 1985. Ya gano cewa idan aka sa mutane su zaɓi haruffan da suka fi so, sukan karkata ga na sunayensu ba tare da sun lura ba, musamman harafin farko. A 1987 ya sami irin wannan sakamako a harsuna goma sha biyu na Turai. Abin da wannan ya nuna shi ne mutum yana son harafinsa don yana son kansa, saboda haka kunnensa a buɗe yake ga duk alherin da aka faɗa game da harafin.

Inda Suna Yake da Tasiri

Wannan ba ya nufin suna ba ya taɓa hali ko kaɗan. Asantawa na ƙasar Gana suna raɗa wa yaro sunan ranar haihuwarsa, kamar yadda Hausawa suke da Ɗanladi da Balarabe da Jummai. A al'adarsu Kwadwo, ɗan Litinin, mai sanyin hali ne, Kwaku kuwa, ɗan Laraba, mai rigima ne. A 1954 Gustav Jahoda ya duba takardun kotun yara, ya tarar 'yan Litinin sun yi ƙaranci a cikin masu laifi, 'yan Laraba kuwa sun yi yawa a laifuffukan da suka shafi cin zarafin mutane. Fassarar da ta fi ƙarfi ita ce yaron da jama'a suke yi wa kallon fitinanne tun yana goye, suna faɗa masa haka kullum, yakan tashi ya cika musu zato. Tasirin yana fitowa ne daga bakin mutane da irin riƙon da suke yi wa yaro. Musulunci ma ga ma'anar suna ya mai da hankali, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunaye masu mummunar ma'ana da kyawawa, har ya mai da sunan wata 'yar Sayyidina Umaru Jamila.

Kammalawa

A taƙaice, lissafin haruffa yana da dogon tarihi, kuma ya bar wa masu nazari gado mai amfani a fannin ramzi da hatimi. Amma a matsayin ma'aunin hali ya kasa, domin sakamakonsa yana sauyawa da sauyawar abjad, da rabon gidaje, da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Haɗarinsa shi ne wanda binciken Gana ya nuna, watau hukuncin da aka yanke wa yaro yana iya zama gaskiya saboda yawan nanata shi. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, to amma tarbiyya da zaman tare su ne suke yin zanen. Saboda haka iyayen da suke neman sanin halin wanda ya zo neman 'yarsu, maƙwabtansa da abokan cinikinsa za su fi ba su labari na gaskiya fiye da adadin sunansa.