Ƙauyen da ba ya cikin taswira

Idan ambaliya ta zo, ko za a raba magani, masu kawo taimako sukan fara duba taswira. Ƙauyen da ba a zana ba, sau da yawa sai a wuce shi, don ba a san da zamansa ba. A wajen Kurawa da sauran ƙasar Gobir ta Sabon Birni da Isa, tungaye da rugage suna warwatse, wasu kuma damina kan yanke hanyarsu.

Mun ga haka a lokacin rigakafin shan inna. Daga shekarar 2012 aka fara zana garuruwan Arewa daga hotunan tauraron ɗan adam, aka ba masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka. Sai ga ƙauyukan da tsohuwar taswirar hannu ta manta da su. A watan Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Wannan fasaha ana kiranta GIS. Mutum ya tsaya bakin rijiya da waya, ya ɗauki lambobin wurin, ya shigar a kwamfuta. Haka zai yi wa asibiti, makaranta, fadama da mashigin ruwa. Kwamfutar ta ɗora su bisa juna, sai a ga ƙauyen da ya fi nisa da ruwa, ko gonakin da gulbin Rima zai fara ci, kamar yadda ya yi a ƙasar Goronyo a Satumba 2010.

Ba sai saurayi ɗan jami'a ba. A ganinmu malamin makaranta, ma'aikaciyar lafiya ko malamin gona sun fi dacewa da wannan koyo, domin hoton sama yana nuna rufin ɗaki ne kawai. Ba ya faɗin sunan tunga, ko cewa rijiyar nan ta ƙafe tun bara. Cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972 da sunan RECTAS, tana ba ma'aikata gajeren horo, haka ma AGRHYMET ta Yamai. Manhajar QGIS kuwa kyauta ce. Wahalar ita ce kuɗin mota, wutar caji, da izinin shugaban aiki.

Sai dai a yi hankali. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutane daga wannan yanki, wasu har jihar Maraɗi. Taswirar da ke nuna rumbuna, garken shanu da inda jama'a suka fake, kada a tura ta a WhatsApp. A shawarci hakimi da dattawa kafin a ɗauki lambar ko gida ɗaya, a kuma tsai da wanda zai riƙe ta.