Amfani da Hasken Rana Wajen Kiwon Murjani a Akwatin Gilashi na Gida

1.0 Gabatarwa

Galibinmu mun san murjani ne a matsayin dutsen ado da mata suke ratayawa a wuya. Wannan jan murjani daga Bahar Rum ake samo shi, kuma ba ya bukatar haske. Wanda za mu yi magana a kansa a wannan takarda shi ne mai gina tsaunuka a tekuna masu ɗumi, wanda wasu suke kiwo a gida cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Manufarmu ita ce mu duba ko hasken rana zai iya maye gurbin fitilun lantarki masu tsada da aka saba ɗora wa irin wannan akwati.

2.0 Dangantakar Murjani da Haske

Murjani dabba ce, amma a cikin tsokarta akwai waɗansu ƙananan tsirai dangin gansakuka, waɗanda masana suke kira zuzanteli. Su ne suke sarrafa haske su samar da mafi yawan abincin da dabbar take rayuwa da shi. Saboda haka idan haske ya gaza, yunwa ce za ta biyo baya.

Dogaro da rana a wannan fage tsohuwar dabara ce. A shekarar 1961 Lee Chin Eng na birnin Jakarta ya bayyana yadda yake kiwon halittun teku da ruwan teku tsantsa da hasken rana. Haka kuma a 1987 aka buɗe wani katafaren tanki a Townsville ta ƙasar Ostareliya, mai cin lita miliyan 2.5, aka bar samansa a buɗe domin rana ta haska shi.

3.0 Matsaloli

Sai dai abin da ya yiwu a babban tanki yana da wuya a ƙarami, saboda dalilai uku.

Na farko, zafi. Murjani yana son ruwa mai ɗumin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin santigireti. Ƙarin digiri ɗaya kacal bisa zafin da ya saba da shi, in ya ɗauki makonni, yakan sa ya fitar da tsiran nan, ya yi fari fat, wani lokaci ya mutu. Abin da ya auku ke nan a tekunan duniya a 1998 da 2016. Ƙaramin akwati kuwa, rana tana iya ɗumama shi cikin 'yan sa'o'i.

Na biyu, gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan zafi ya ƙafar da ruwa, gishirin yana nan, sai ya yi yawa.

Na uku, rashin daidaito. A ƙasashe masu zafi yini bai cika nisa da sa'a 12 ba, amma a Landan yakan sauka zuwa kimanin sa'a 8 a hunturu. Can dole a haɗa da fitila.

4.0 Shawarwari

Muna ganin ya kyautu a ajiye akwati inda zai sami hantsi, a kare shi daga ranar tsaka da raga ko labule. Sabon murjani a saba masa da haske sannu a hankali, cikin makonni. A riƙa auna zafi kullum, a cike gurbin ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri. A kuma rage abincin kifi, domin ragowarsa idan ta haɗu da rana, gansakuka ce za ta rufe murjanin.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa hasken rana ya wadatar, har ya yi yawa. Aikin mai kiwo shi ne ya ƙayyade shi, ya kuma shawo kan zafin da yake tafe da shi. Wanda ba shi da halin sanyaya ruwa, gara ya tsaya ga fitila.