Ba a Yi wa Darussan Bak Kuɗin Goro

Duk shekara, da zarar hukumar ONECS ta fitar da sakamakon jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, sai ƙorafi ya cika unguwannin N'Djamena: wai an danne makin yara, wai wane ya fi kowa ƙoƙari a aji amma ga shi an kayar da shi. Ba na cewa masu duba takardu mala'iku ne. Amma yawancin wannan ƙorafi rashin sanin yadda ake lissafin ne ke haifar da shi.

Kowa ya san ana ba da maki bisa 20, kuma sai da 10 ake tsallakewa. Inda ake tuntuɓe shi ne kowefisiyan, wato adadin da ake ninka makin kowane darasi da shi kafin a haɗa jimla. Ya danganta da ɓangaren da ɗalibi yake. A ɓangaren A4 falsafa da Faransanci ne masu nauyi, a C lissafi da kimiyyar fizik, a D kuwa ilimin halittu na cikin manya.

Mu ɗauka, don misali kawai, tarihi yana da kowefisiyan 2, lissafi 4. Yaro ya ci 16 a tarihi, 6 a lissafi. Uba zai haɗa ya raba biyu, ya ga 11, ya ce ai ɗansa ya ci. Ina! Tarihin 32 ya kawo, lissafin 24, jimla 56, a raba shida, wato jimlar kowefisiyan ɗin biyu, an tashi da 9.33. Kamar ɗan tireda ne da ya ci riba a ashana ya faɗi a buhunan shinkafa, sannan yake mamakin yadda jarinsa ya karye. Ɗalibin da ya kwana haddar darasin da yake so, ya yi watsi da mai nauyin, shi ya yi wa kansa.

Sai batun zagaye na biyu. Wanda ya kai 10 ya ci kai tsaye. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi damar sake zama a wasu darussa, bai ci ba tukuna, bai kuma faɗi ba. Amma sai ka ga wani gida an fara guɗa, wani gidan kuma an zauna jaje, alhali yaron komawa karatu ya kamata ya yi.

Cin ma hawa-hawa ne: daga 12, 14 da 16 darajar takardar ke ƙaruwa, kuma hakan na da amfani ga mai neman gurbi a Jami'ar N'Djamena ko tallafin karatu a waje.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Bayanin nan bai fi shafi guda ba, me zai hana makarantu su tara iyaye su yi musu shi da Larabcin Chadi da sauran harsunan gida? Kafin hakan ta samu, iyaye ku tambayi yaranku kowefisiyan ɗin kowane darasi tun farkon shekara, kada ku bari sai lokacin jarrabawa a watan Yuni.